Tatsuniyar da Iya Ta Ƙarasa da Rana

Muryar da ta rage mini a ka ta Iya Tabawa ce, kakata ta wajen uba. Ta Inna ta dushe mini tuntuni, ta Baba ma haka, amma ta Iya tana nan daram, 'yar siririya mai ɗan kaushi, irin ta wadda ta sha hayaƙin suyar gyaɗa tun tana budurwa. Ƙuli-ƙuli take yi a gidanmu na cikin tsohon garin Daura, kuma duk unguwa an san man gyaɗarta. Sunana Iliyasu, amma ita ba ta taɓa kirana da shi ba, sai dai "maigida". In na yi ɓarna ta ce gobe za ta kai ni gaban alƙali a raba auren, in na ɗebo mata itace ta ce ta fasa.

Da an ci tuwo an yi sallar isha'i, sai mu kewaye murhunta, ni da yayata Hansatu da 'ya'yan maƙwabta. Ba ta ƙara ko ice ɗaya saboda mu. Garwashin da ya rage daga girki shi ne rabonmu, fuskarta ma da ƙyar muke gani, kuma ba wanda ya damu, tunda kunne ne ke aiki. Iya tana da wani mugun hali guda: tana yanke tatsuniya a daidai inda ta fi daɗi. Da ta hango wani ya fara gyangyaɗi sai ta kakkaɓe zane ta miƙe, ko za mu mutu da roƙo.

Wani dare a ƙarshen sanyi, ina ɗan shekara takwas ko tara, ta ɗauko mana ta wani yaro makiyayi. Akuyar uwarsa ta tsinke masa ta shige kogon kuka, ya bi ta. Yana shiga ƙofar ta rufe. A ciki ya tarar da wata tsohuwa zaune da ƙore uku a gabanta, kowacce rufe da faifai. Ta ce masa a ƙwarya ta farko akwai akuyarsa, a ta biyu akwai hanyar gida, ta uku kuwa ba za ta faɗa masa abin da ke ciki ba. Ɗaya kawai zai buɗe. In ya ɗauki akuya, ta ina zai fita? In ya ɗauki hanya, me zai gaya wa uwarsa?

Nan Iya ta yi hamma.

Na ce, "Iya, don Allah, wacce ya buɗe?"

Ta ce, "Maigida, ka cika ci da zuci. Ƙwarya ba ta da ƙafa, tana nan. Gobe in muna da rai."

Washegari na tashi da ciwon kai, kafin la'asar wuyana ya ƙi juyawa. Sanƙarau ne. Ban san tsawon kwanakin da na yi a asibiti ba. Na dai farka na ga Inna a kaina bakinta yana motsi, na ɗauka addu'a take yi a ɓoye. Likita ya zo shi ma yana motsa baki, na ce to, wataƙila dokar asibiti ce, ba a ɗaga murya. Da muka dawo gida sai na ga zakara ya miƙe wuya ya wage baki, bai ce komai ba. Mata suna daka, ina jin dukan taɓarya a tafin ƙafata, amma turmin shiru. Wallahi na daɗe ina zaton gari ne ya lalace, ba ni ba. Daga baya na koma zargin haɗa baki aka yi ana tsokanata, na riƙa jiran ranar da za su gaji su fashe da dariya. Na zira yatsa a kunne, na zuba ruwa, na yi tsalle da ƙafa ɗaya kamar yadda muke yi in mun fito daga rafi. Ba abin da ya buɗe.

Duk maganar da zan kawo daga nan, Hansatu ce ta ba ni ita bayan shekaru. Ita ta gaya mini cewa duk zaman da na yi a asibiti Iya ta ƙi ƙarasa tatsuniyar, ta ce sai maigida ya dawo. Daren da na samu ƙarfin zama, Iya ta jawo ni jikinta, ta sa baki a kunnena ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ina jin ɗumin numfashinta da ƙamshin goro, shi ke nan. Aka kawo fitila, ta ƙara dagula lamarin, inuwa tana rawa a fuskarta, bakin yana ɓacewa yana dawowa. Can sai na ga yara sun tafa hannu, Hansatu tana dukan cinya. Ni ma na yi dariya don kar a bar ni a baya. Iya ta juyo da fuskata wajen fitila ta dube ni, ta gane ban samu ko kalma ɗaya ba.

Daga nan na daina zuwa bakin murhu. Magana ma na daina, don in na buɗe baki wani ya zabura, wani ya matso yana kama kunne, ni kuwa ban san ihu na yi ko raɗa ba. Shiru ya fi mini sauƙi. Aka maido ni daga makaranta. Yaran unguwa suka laƙaba mini beben gidan dukawa, saboda Baba baduku ne, a zaurenmu yake ɗinkin takalma da kube. Shi Baba ba mugu ba ne, rasa yadda zai yi ya yi. Ya yanke shawarar kai ni Dutsi wajen ƙanensa, Baffa Sale, in riƙa yi masa kiwo, tunda a cewarsa tumaki ba sa bukatar hira. Hansatu ce ta sanar da ni. Ta yi ƙahoni da yatsu a kanta, ta ɗora ƙunshin kaya na ƙarya a nawa kan, ta nuna nesa, sannan ta nuna sama tana yayyafi da yatsu. Na gane: da ruwan farko za a tafi da ni. Ban san laifin da na yi ba.

Iya kuwa tana lura. Ta ga da rana in ta nuna mini itace ina ɗebowa, in ta murtuke fuska ina barin abin da nake yi. Wata rana da hantsi ta sauke kaskon gyaɗa tun bai gama soyuwa ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta jera ƙore uku a tsakar gida, ta rufe su da faya-fayi, ta kwance akuyar Inna, ta zaunar da ni ina fuskantarta.

To a wurinmu kowa ya san ba a tatsuniya da rana. Tun muna ƙanana ake tsorata mu cewa duk wanda ya yi zai ɓata, a neme shi a rasa. Iya ce ma kan gaba wajen faɗa, ta sha make mana baki a kan haka. Shi ya sa Inna ta fito daga ɗaki da ludayi a hannu.

Ta ce, "Iya, tatsuniya da rana tsaka? Yaron da ko an kira shi ba zai ji ba, in ya ɓata ina za mu gano shi?"

Iya ta ce, "Ni ce mai bayarwa, ni zan ɓata. Tsohuwa kamata in ta ɓata wa ya yi asara? Ke dai matsa, kina tare masa haske."

Sai ta fara. Ta zama yaron, ta saɓa muciya a kafaɗa kamar sanda. Akuya ta fizge ta ta nufi farantin ƙuli-ƙuli, wannan kam ba ya cikin tatsuniya. Iya ta bi ta, ta durƙusa ta rarrafa ta ƙarƙashin rumfa, ta fito ta ɗaya gefen ta zama tsohuwar kogon kuka. Ta ƙara lanƙwasa baya, ko da yake ba wani ƙari mai yawa ake bukata ba. Nan da nan na gane inda muke. Rabon da in san abin da ake ciki a gidan nan tun kafin ciwo.

Ta ɗora igiyar akuya a kan ƙwarya ta farko. Daga ta biyu ta ja layi da yatsa zuwa ƙofar ɗakin Inna. Ta koma ta zama yaron, ta miƙa hannu ga ta farko ta janye, ga ta biyu ta janye, sannan ta ɗaga faifan ta uku. Ta sa yatsa a ciki kamar mai ciro wani abu, ta sauke shi ƙasa, ta ja wani dogon layi mai lanƙwasa, ya ratsa tsakar gida, ya kewaye turmi, har bakin zaure. Ta miƙe tana haki, tana kallona.

Ban gane ba. Na dubi ƙwarya, ba komai a ciki. Na dubi layin, na dube ta.

Ba ta tsaya bayani ba. Ta kama hannuna da hannunta mai maiƙo ta ja ni zaure, inda Baba ke zaune cikin fatu. Ta taɓa bakina, ta nuna ƙoren da ke tsakar gida, ta nuna kunnen Baba. Na girgiza kai. Ta sake taɓa bakin, wannan karon da ɗan ƙarfi. Sai na fara. Ina jin maganar tana kaɗawa a maƙogwarona, ban san yadda take fita ba. Na faɗi akuya, na faɗi kogon kuka, na faɗi tsohuwa da sharaɗinta. Da na zo ƙarshe na tsaya, don ban san me zan ce ba. Sai na tuna dogon layin nan, na ce ya buɗe ta uku, maciji ne a ciki.

Baba ya ajiye basilla ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suna rawa, na kasa gane kuka yake ko dariya. Iya ta tsaya a kansa.

Ta ce, "Wannan za ka kai wa tumaki? Kunnen ne ya mutu, kan yana nan da ransa. Tashi ka tambayi mutane, ai ba shi ne kurma na farko a duniya ba."

Na kwanta ranar ina ganin na tsira. Amma da ruwa ya sauka sai na ga an sayo akwatin ƙarfe ana jera mini kaya. Hansatu ta yi ta nuna mini wani abu da tafin hannu, tana buɗewa tana rufewa, na ɗauka roƙon Allah take cewa in yi. Na ce a raina shi ke nan, amsar ce ban ci ba, ba maciji ba ne. A tasha na riƙe zanen Iya da hannu biyu. Ita da kanta ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa ni ga Baba a cikin mota. Duk tafiyar nan ina leƙen taga ina jiran garken Baffa Sale, hanya kuwa ta ƙi ƙarewa.

Muka sauka a ƙofar wata makaranta. Fili cike da yara, hannuwa sai tashi suke ta ko'ina, wasu na musu, wasu na dariya, ba wanda bakinsa ke aiki. Wani ya zo ya taɓa kunnensa, ya nuna ni, ya nuna kansa, ya haɗa yatsu biyu wuri ɗaya. Nan take na gane shi, ba sai ya maimaita ba. Littafi ne ashe Hansatu take nuna mini. A can na koyi maganar hannu, na koyi karatu, har ga shi yau ina rubuta wannan.

Sai da na girma na tambayi Hansatu yadda tatsuniyar ta ƙare a daren fitila. Ta rubuta mini cewa akuyar ya zaɓa, domin akuya ta san hanyar gida, ta ja shi har gaban uwarsa. Abin da ya sa yara tafi ke nan.  To me ya sa ni aka buɗe mini ta uku? Kuma layin nan mene ne? Na yi shekaru ina cewa hanya ce, wadda ba ta komawa ɗakin uwa, Iya tana gaya mini fita zan yi. Wani lokacin kuma in ce ina ƙara wa tsohuwa wayon da ba ta yi niyya ba, ƙila rafi ne, ƙila ma macijin ne. Na taɓa zana wa Iya layin a ƙasa ina tambaya. Ta dube shi, ta taɓe baki, ta miƙo mini ƙuli-ƙuli.

Ba ta ɓata ba, a ɗakinta ta rasu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani hutu da na zo gida da abokina na makaranta. Muka zauna gindin rumfa muna ta zuba da hannu, ina ba shi labari yana kwanciya don dariya. Na manta da kowa a gidan. Can na waiga na ga Iya ta bar matsar mai, hannuwanta a cikin tunkuza, idonta yana bin yatsunmu daga ni zuwa shi. Ta jawo gefen mayafin Hansatu ta yi mata magana. Da yamma na tambayi Hansatu me ta ce.

Ta rubuta mini abin da Iya ta ce: "Me maigida ke faɗa ne haka mai daɗi? Ni ban ji komai ba."