Hantar Baba a Hasken Rana

Babanmu mahauci ne a Jega Firchin, mutum mai saurin hannu. Jihar Kebbi ba ta daɗe da kafuwa ba cikinsa ya kumbura, idanu suka yi rawaya. Ni da yayana muka kai shi wani babban asibiti mai nisa a ɗauki hoton hanta.

Da suka ɗura masa ruwan hoton ta jijiya, zafi ya game masa jiki, ya shaƙo wuyan ma'aikacin da ya yi masa allurar, sai da na ɓanɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya. Daga baya likita ya kira mu, ban da Baba. Ya ce ruwan nan hanyar jini yake bi, kuma lafiyayyar hanta a hankali take sha, ta yi haske bai ɗaya. Mugun ƙari kuwa yakan riga ko'ina sha, ya yi fari fat, kafin sauran naman ya ƙoshi ya zubar ya dushe. Huɗu ya nuna mana, ya ce sun wuce aiki.

Yaya ya ja ni gefe. "Kak ka hwaɗa mai. In yas sani, ya mutu tun bai mutu ba."

Ni kuwa gani nake ransa ne, da me za a ɓoye masa? Da muka dawo gida Baba ya ce in kawo hoton, na ɗauko. Yaya ya tare ni a tsakar gida, ya sheƙa min mari. Na sa masa kai a hanci. Muka yi ta birgima cikin toka, ya fasa min leɓe, na cije shi a kafaɗa har na ji jini a bakina. A lokacin na tsane shi.

Sandar Baba ce ta raba mu, kowa ya sha biyu a gadon baya. Ya ɗaga hoton ya kara da rana, na yi masa bayani ina tofar da jini. Ya daɗe yana kallo.

"Shekara arba'in ina hiɗa," ya ce. "Hanta irin wagga karnuka nika jehwa ma."

Daga ranar ko fura bai ƙara karɓa ba. Mako biyu ya yi. A maƙabarta Yaya ya miƙo min hannu na fito daga kabari, hancinsa bai gama saɓewa ba. Har yau bai taɓa cewa laifina ne ba, ni kuwa da ma ya faɗa.