Ƙarfen Mma Sanatu

Ku gafarce ni da na shigo muku da wannan. Kun san ba na rubutu a nan in ban da gaisuwar Juma'a. Yau dai na rasa wanda zan faɗa wa ne.

Mma Sanatu ta rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni, ina ƙofar gida zan hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, in je duba ta. 'Yarta Azara ce ta kira, wadda ta zo daga Kumasi jinya. Ta ce, "Anti Zuwera, Mma ya tafi." Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba. Mai yalo-yalo ya kashe injinsa ya jira ni.

An kai ta bayan azahar.

Wanda bai san sunanta ba ya san ƙarfenta. In ka taɓa bi ta Kaladan da safe, ka ga tsohuwa ƙarƙashin dogonyaro tana suyar ƙwai da burodi da wagashi, cukun nan na Fulani, a kan wani faffaɗan baƙin ƙarfe, silindar gas a gefe, to ita ce. Matar da ke tsaye kusa da ita cikin dogon hijabi ba ta cika magana ba, ni ce.

Ƙarfen nan ya girme ni. Mahaifinta maƙeri ne. Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, ya yanko shi daga jikin wani tsohon tankin ruwa da masu aikin hanya suka yar, ya buge shi ya miƙe, ya ba ta. Yarinya ce lokacin. A kan duwatsun murhu ta fara ɗora shi a tashar mota, da itace. Takan ce ranar bikin 'yancin kai ta yi suya har hannunta ya kumbura, kanta a sunkuye, ba ta ga fareti ba.

"Kowa ya ce ya ga 'yanci. Ni takalman mutane na gani."

Daga itace ya koma gawayi. Da hayaƙi ya fara cin idonta, wani mai walda ya yi masa ƙafafu, ya shimfiɗa bututun wuta biyu a ƙarƙashi, ɗaya dama ɗaya hagu. Amma ƙarfen shi ne dai. Baƙin da ke kansa, wanda ya sa ƙwai ke zamewa ba ya kamawa, tun na wancan zamanin ne. Mai a kan mai, shekara a kan shekara.

Ni bayan na fita takaba na zo wajenta. Ɗana yana Accra, 'yata tana aure a Yendi, gida ya yi min faɗi. Sai in zo sayen burodi in tsaya ina jan ƙafa don kar in koma. Ta lura. Rannan ta miƙo min cokalin juyi ta ce, "'Yar malam, tun da tsayuwa kike so, zagayo ki tsaya ta nan."

Ba ta tambaye ni komai ba. Har ta bar duniya ba ta tambaya ba.

'Yar malam take kirana, don a makarantar allon babana na tashi a zango, kuma wai na cika tambaya. Wannan ya halatta? Wancan da tsarki?

Washegari na zo da sabulu da soso a jaka, don na ga an tashi aiki jiya ba a wanke ƙarfen ba. Ta karɓi sabulun, ta juya shi, ta shinshina.

"Yana da ƙamshi paa. Je ki yi wanka da shi."

Ta ce shi wankansa daban ne. Tun yana da zafi a kankare shi, a yayyafa ruwa kaɗan ya tafasa ya ɗago dattin, a goge da tsumma, a bar wuta ta busar da shi. Sannan a shafa man kaɗanya, ɗan kaɗan, kamar za a shafa wa jariri. Na ce, Mma, to tsarki fa? Ta ce, "Abin da ke wuni a kan wuta? Je ki tambayo." Na kuwa je. Yayana da ya gaji makarantar ya ce babu laifi, in zan dawo in taho masa da wagashi. Ta yi mako tana ba masu saye wannan labarin.

Gas ma tsoronsa nake yi da farko. In ta ɗauko ashana sai in ja baya ina salati. Ita ta zaunar da ni, ta kaɗa kumfa a gwangwani, ta shafa a tiyo da bakin silinda. "Ga inda sabulunki zai yi aiki. In kin ga kumfa tana kumbura, yoyo ne, kashe." Ta nuna min wuta mai lafiya shuɗiya ce. In ta yi ja tana baƙanta gindin ƙarfe, ramukan bututu ne suka toshe, a bi su da tsinken tsintsiya ɗaya bayan ɗaya.

Wata safiya wutar ta yi ƙasa, ga silinda cike, ga direbobi a tsaye suna jiran burodi. Wani ya ce, "Mma, injinki ya tsufa kamar ke." Ta ce, "Motarka da ake turawa kullum fa, jaririya ce?" Ta kashe komai, ta cire regileta daga kan silinda, ta ɗan jira, ta mayar, ta ce in buɗe.

"A hankali. Yadda kike magana."

Wuta ta tashi.

Ba ta taɓa bari na roƙi izinin salla ba. Da an kira, sai in ji ta zare cokalin daga hannuna. Ita ba ta yi karatu mai nisa ba, amma in mun tashi aiki tana kankare ƙarfe sai ta ce, "Ja mana wani abu." In yi ta karantawa ƙasa-ƙasa. Wata rana na ga kamar hankalinta ba ya wajen, na yi shiru. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Wa ya ce ki tsaya?"

Kun san in an yi rasuwa, ranar sadakar uku masa ake rabawa. Kowa a tanda yake yin tasa. Ta Mma a kan ƙarfen nan take, faffaɗa, gefenta a soye. Ba a aiko mata. Ranar kawai za a gan ta da tire a ka. 'Yan zango, Dagomba, Fulanin Gbalahi da ke kawo mana wagashi, duk wanda ta ji, ta yi masa. Ta mijina ma ita ta yi, tun ban san ta ba. Sai da na fara aiki da ita na ɗanɗana, na gane masar.

Ganina da ita na ƙarshe a waje, Juma'ar da ta wuce ne. Tun da ta kwanta ba mu kunna wuta ba. Ranar ta matsa wa Azara sai da ta fito da ita a kujera ƙarƙashin bishiya, ta ce in kunna ta ji. Wutar dama ta kama. Ta hagu ta yi fuf, fuf, ta yi ja, ta mutu.

Ta karkata kai tana saurare.

"Zanzaro ne. Ya ga mun yi hutu ya gina ɗaki a ciki. Tsinke ba zai kai ba, sai an kwance bututun."

Na ce bari in nemo mai gyara. Ta ce, "Bari in tashi tukuna. In ba na nan cewa za su yi ki sayi sabo."

Ta sa na soya mata ƙwai a ɓangaren dama. Ta ci rabi, ta turo min sauran. "Gishirinki har yanzu kunya yake ji, 'yar malam." Da Azara ta zo shigar da ita sai ta waiwayo ta ce, "Rufe shi da kyau. Hadari ya taso."

Na rufe shi da kyau.

Yau da na iso, ɗaki na wuce kai tsaye, ban dubi ko'ina ba. Ina cikin mata har aka ɗauke ta. Sai bayan nan na fito shan iska, na ga babu ƙarfe a ƙarƙashin bishiya. Yana can bakin famfo.

Matan dangin mijinta ne daga Dungu. Sun zo da wuri, sun share gida, sun wanke tukwane, don za a yi baƙi. Suka ga baƙin ƙarfe a daidai inda maza za su zauna karɓar gaisuwa. Suka taru a kansa da soson ƙarfe da toka da yashi da sabulu.

Ya yi fari tas.

Sun bar shi a jiƙe, ga yayyafi tun hantsi. Tsatsa har ta fara fitowa ɗigo-ɗigo.

Ɗaya daga cikinsu, babbar mace mai fara'a, ta ga ina kallo, ta matso. "Kin gani ko? Tsohuwa ba ta da ƙarfin wanke shi, Allah sarki. Dauɗar shekara da shekaru! Dubi hannuna." Na duba. Yatsunta duk sun saɓule.

Na ce, "Sannunku da aiki. Allah ya ba da lada."

Me zan ce? Don Allah suka yi.

Na ɗora tafin hannuna a kai, na ji kaushi kamar dutsen niƙa. A ɗaki na iya riƙe kaina. A bakin famfon nan ban iya ba.

Azara ta same ni a wurin. "Anti, mene kuma?" Na faɗa mata. Na ce yadda yake yanzu, in an zuba ƙullu mannewa zai yi, in ma ya tashi da ɗanɗanon tsatsa zai tashi. Ta dafe goshi. Idonta ya kumbura, waya biyu a hannunta duk suna ƙara.

"To a sayo masa a kasuwa kawai, Anti. Ni ba zan iya kai wannan abu Kumasi ba koraa, ɗakina a sama yake. Masu kondem ma sun riga sun tambaya."

Masu sayen tsohon ƙarfe take nufi.

Na ce ta ba ni gobe. Na ce matar da ta yi wa unguwa duka, bai kamata a raba masar kasuwa a tata sadakar ba. Ban saba musu da mutane ba.

Azara ta ce, "Yoo. In kafin la'asar gobe kin gwada masa ya tashi bai kama ba, a yi da shi, kuma ki ɗauka, naki ne. In bai yi ba, Anti, kar ki ji haushina. Abubuwa sun yi min yawa."

Ba na jin haushinta. Uwa ta rasa.

An taya ni mayar da shi ƙarƙashin bishiya, a nan nake zaune yanzu. Na goge tsatsar, na busar da shi a wuta, na fara shafa man kaɗanya. A shafa kaɗan, a bari ya ƙone har hayaƙi ya ɗauke, a sake shafawa. Haka ake yi, ba a gaggawa. Na san baƙin Mma ba zai dawo a wuni ɗaya ba. Wanda zai ishi masa ta tashi kawai nake nema.

Ɓangaren dama ya fara yin launin shayi. Na hagu yana nan fari, don wutarsa ta ƙi. Masar mutanen da za su zo jibi ba za ta fito a rabin ƙarfe ba, kuma rabin da ba ya samun wuta, a daminar nan tsatsa ce za ta ci gaba da cinsa.

Na bi ramukan da tsinke. Na shafa kumfa a tiyo, babu yoyo. Na cire regileta na mayar. Saura kwance bututun, kuma notocin sun cije, hannuna ya kasa, ba ni da sifana. Ƙarfen a liƙe yake da ƙafafunsa, balle in juya shi ɗaya gefen ya sami wuta. Mai waldan da ya haɗa shi ya riga Mma tafiya da daɗewa. Matan da suka yi suya tare da ita a tasha ma ba sauran ko ɗaya.

Gida cike yake da mutane. Masu wucewa suna ce min sannu da aiki, sun ɗauka abincin baƙi nake dafawa. Ɗazu na juya hagu, inda Mma take tsayawa, zan tambaye ta ko man ya yi yawa.

Ya Allah, ka gafarta wa baiwarka Sanatu. Ka yalwata mata kabarinta, ka sanyaya shi, ta sha zafin wuta a duniya don ciyar da bayinka, kar ka nuna mata wata. Ka sa abin da ta kai gidajen makoki ya tarbe ta. Ka ba Azara haƙuri, ka saka wa matan Dungu da alheri a kan niyyarsu.

Duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu, ya sa ta a addu'a bayan salla.

Sai roƙona. In akwai wanda ya san aikin gas, yana da sifana, zai iya zuwa Kaladan gobe da sassafe ya kwance min bututun nan, ko kun san wani, ku taimaka. Ba sai an tambayi gida ba, rumfar makoki tana bakin hanya, ni kuma ina ƙarƙashin dogonyaro.

Ku amsa min a nan ƙasa, yau in da hali, kafin magariba. Geron masar yana gabana a kwano, ina so in san ko in zuba masa ruwa.