Tarago Mai Lamba 212

Asabar ɗin farkon wata ake cin kasuwar ƙananan jiragen ƙasa na wasa a birnin Olomouc, kuma Květa ta san yawancin masu zuwa teburinta. Wannan tsohon dai baƙo ne. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, rigar sanyinsa ta sha faci, amma faratansa fes. Ba ya kallon tarago, wato kan jirgi, ta sama kamar kowa, sai ya kifa shi ya leƙa ƙarƙashi. Ƙila aikin da ya yi ke nan a tasha har ya tsufa.

Wani koren tarago ya tsayar da shi, mai lamba 212 da farin fenti a ƙarƙashi. Ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa, yana bin jadawalin jiragensa da yatsa ɗaya, kowanne da lambarsa da inda yake.

"Baba, kar wannan dutsen niƙan naka ya karya min tebur," in ji Květa.

"Rubutuna ne, 'yata. Duba nan: 212, aro a hannun abokina Bohouš. Yau shekara goma sha ɗaya, ɗan banzan bai dawo da shi ba. Ina kika samo?"

"Wata mata ce ta kawo kwali guda. Kayan mijinta ne, marigayi."

Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa. Ya kai yatsa zai share sunan, ya fasa. Sai ya mayar da taragon, ya daidaita shi a kan ɗan layin dogon da ke teburin.

"Ɗauki abinka mana, Baba."

"Bar shi dai," ya ce, yana rufe kwamfutar. "A wurina, har yanzu yana hannun Bohouš."