Cibiyata Tana Gindin Gwaiba

Ranar Asabar ta farko bayan Ista, shekarar da nake aji shida na firamare, Mama ta dawo daga kasuwa ta same ni a gindin gwaibar tsakar gidanmu a unguwar Trikania cikin Kaduna, na yi futu-futu da jar ƙasa, ina haƙa rami da fartanyar Baba. Ta sauke kwandon tumatir ta ce, "Rifkatu, kin haukace ne?" Na ce mata cibiyata nake nema, zan kai wa hedimasta ranar Litinin.

Gidan haya ne, ɗaki-ɗaki, rijiya ɗaya. Akwai 'yan Binuwai, akwai 'yan Nasarawa, akwai 'yan kudancin Kaduna, mu kuma iyayenmu daga Filato suka zo aikin masaƙa tun kafin a haife ni. Mu yara ba ruwanmu da wannan. Tare muke jan ruwa da safe, tare muke shara, da yamma mu zana 'yar gala-gala a bakin ƙofa har a kira mu wanke-wanke. Duk lokacin da na hau gwaibar nan ina tsinkar ɗanya, Mama takan leƙo daga kicin ta ce, "Bi itacen nan a hankali, cibiyarki ce a ƙarƙashinsa." A nan ta binne ta da hannunta.

A makaranta Malam Bitrus ne ya koya mana yadda aka tsara ƙasa: tarayya a sama, jiha a tsakiya, ƙaramar hukuma a ƙasa. Yakan ce ƙasar kamar gidanmu take, kowa da ɗakinsa, amma rijiya ta kowa ce. Da bulala ya sa muka haddace cewa kundin tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda yake so, kuma ba a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Wallahi na yarda da shi har zuciyata. Ni ce ma nake miƙewa in rera haddar idan baƙi sun zo ajinmu.

A shekarar masaƙa ta sallami su Baba, ya koma zaman gida da rediyo a kunne. Makarantar kwana ta kyauta ita ce kaɗai hanyar da ta rage mini, kuma ni na zo ta ɗaya a jarrabawar shiga. Sai hedimasta ya kira ni ofis ya tambaye ni garinmu. Na ce Trikania. Ya yi dariya ya ce ba inda aka haife ni yake tambaya ba, gurbin na 'yan asalin jiha ne, in kawo shaidar cewa ni 'yar nan ce. To, ni wace shaida na sani da ta wuce wadda ke gindin gwaiba?

Ranar Asabar ɗin nan Mama ba ta dake ni ba. Zama ta yi a kan turmi tana hawaye, ta ce ƙasa ta cinye cibiyar tuntuni. Baba ya ɗauke ni zuwa ƙauyensu a Filato, wurin da ban taɓa takawa ba, ko a ba ni shaidar asali ta can. A can wani jami'i ya yi mini magana da yaren su Baba, na amsa da Hausa, aka kwashe da dariya, aka ce ai wannan 'yar Kaduna ce. Muka dawo hannu wofi. Gurbin ya koma hannun ƙawata Ladi, wadda ta zo bayana. Ban taɓa jin haushinta ba, amma ranar da ta tafi da akwatinta na ƙarfe na shige bayan rijiya na yi kuka har na gaji. Ni kuma aka kai ni koyon ɗinki.

Yanzu ina unguwar Romi, nan Kaduna, da keken ɗinkina. Ina biyan haraji a nan, ina bin layin zaɓe cikin rana a nan, a nan na binne Baba da Mama. An sare gwaibar, an gina shago a wurin. Har yau abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ashe Malam Bitrus bai gaya mana cewa wasu 'yan haya ne har abada ba.

Makon jiya 'yata ta dawo daga makaranta, ta ce an ce ta kawo shaidar asalinta. Ita ma cibiyarta tana gindin mangwaron bayan ɗakinmu. Na tashi na ɓoye fartanya.