Hannun Baƙo a Kular Narelle

Narelle na zaune bakin teku a garin Mandurah, sai ga wani ƙato yana fitowa daga ruwa, yana jan allonsa na sulu a kan ruwa da fiffiken da iska ke tura shi da shi. Da gani sabon shiga ne. Ya wuni yana shaƙe mariƙin fiffiken, damatsansa sun kumbura, yatsu sun ƙandare, bororon tafinsa duk ya fashe.

Ko gaisuwa babu, ya buɗe kularta ya tsunduma hannuwan cikin ƙanƙara, kan jatan landen da ta ɓare. Maiƙon hannuwansa na tasowa sama.

"Malam, abincinmu ne fa!"

"Yanzu zan cire, 'yar'uwa."

Wannan, in ji zuciyarta, ba a taɓa kwaɓarsa ba.

Sai ya zaro jatan lande ɗaya, yana ɗiga, ya miƙo mata. "Ci mana."