Ranar da Mama Saratu ta ƙi rufe bakinta

Shekara arba'in da takwas ke nan da muka binne mahaifiyata, Mama Saratu, a gindin dutsen Kagoro, kuma har yau ban karɓi maganar da aka yi ta maimaita mana a wurin makoki ba, wai lokacinta ne ya yi. Na san rai na Ubangiji ne. Amma na kuma san wata tara da muka ɓata muna ba ta ruwan kanwa tana kurkure baki.

Mama citta da acca take sayarwa a kasuwar Kafanchan. Tun tana budurwa take zuba garin taba a ƙasan leɓe, kamar yawancin matan zamaninta. A shekarar da na shiga kwalejin horon malamai, wani farin tabo ya fito mata a gefen harshe. Ba ya zafi, shi ya sa ba wanda ya damu. Da ya zama gyambo aka ce haƙori ne ke gogarsa, har mai cire haƙori na kasuwa ya fizge mata biyu masu lafiya. Daga nan aka fara raɗa cewa jifanta aka yi.

A lokacin likitan haƙori sai Kaduna ko Jos, kuma ba mu san ana zuwa wurinsa ba sai ciwo ya hana mutum cin tuwo. Ni na raka ta Kaduna a jirgin ƙasa. Bayan gwaji likita ya ce ciwon daji ne, ya riga ya sauka wuya. Ya ce da mun zo tun yana farin tabo, da wata magana muke yi.

Da muka dawo, yayan mahaifina, Baba Dogo, ya tara mu. Ya ce, "Saratu, ki zauna a ɗaki, ki rufe da gyale. Yaranki mata ba su yi aure ba, kada a ce gidanmu akwai abu."

Mama ta ce, "Baba, ciwo na yi, ban yi sata ba."

Ranar Alhamis ta ɗaura zanen zumuntar mata ta tafi coci, ina biye da ita. Ana gama waƙa ta miƙe, ta cire gyalen, ta buɗe baki. Maganarta ta riga ta yi nauyi, amma kowa ya ji. "Ku duba da kyau. Ba wanda ya jefe ni. Wadda ta ga tabo ko miki a bakinta ya wuce mako biyu, kada ta nemi kanwa, ta nemi jirgi." Wasu suka kau da kai. Matar fasto ta riƙe hannunta za ta zaunar da ita, ta ƙi, sai da ta bi benci-benci kowace mace ta gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni kam kunya na ji a ranar, kuma wannan kunyar ita nake nadama yanzu.

Wata huɗu bayan haka ta huta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Likita ya matso kusa, mota tana tashi kowace sa'a, duba baki bai kai tsawon wa'azin Lahadi ba. Duk da haka ina ganin masu digiri suna sayen ƙwaya a kemis saboda mikin da ya kai wata uku. Na tabbata ba za ta yi musu addu'a ba sai ta gama yi musu faɗa.

Mama ba ta bar gidan bulo ba, hotonta ma ɗaya ne. Taurin kanta ta bar mini. Sau biyu a shekara nake zuwa a duba mini baki ko ba na jin komai, kuma ina jan jikokina da kunne.

A cikin matan da suka zauna a bencin nan akwai Kande, mai sayar da ƙosai. Ta koma gida ta ɗauki madubi, ta ga nata tabon, ta hau jirgi a makon. An yanke mata shi. Bara muka binne ta, tsohuwa tukuf, tattaɓa kunnenta suna riƙe da furanni. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Duk mai son ya gaya mini lokacin Mama ne ya yi, ya fara zuwa ya ƙirga zuriyar Kande.