Sunan da Na Ƙi Kira

Na daɗe ina koyar da Turanci a wata sakandaren ’yan mata a Kano kafin in biyo yayata New York. Da zuwana aka nuna mini Turancin nawa bai isa ba, wai ana jin Afirka a bakina. Na sha yawo da takarduna har na gaji, kafin wata cibiyar koyar da baƙi a unguwar Queens ta ba ni aji na gwaji. Ɗalibaina tsofaffin mata ne ’yan Koriya, yawancinsu a shagon wanki da guga suka ƙare ƙuruciyarsu. In na yi abin kirki a zangon farko a ɗauke ni aiki, in ba haka ba in koma renon ’ya’yan mutane a unguwarmu ta Highbridge da ke Bronx.

Shugabar sashen, wata baturiya mai fara’a da na girme wa nesa ba kusa ba, ta yi mini bayanin tsarinsu. Kowa da sunan yanka ake kiran sa, malama da ɗaliba duk ɗaya ne, kuma Turanci kaɗai ake yi a aji. Na ce to, don ina son aikin.

Ranar farko na tarar da wata tsohuwa a layin gaba, kanta fari fat, ta ma girmi mahaifiyata. Ga sunanta nan manne a ƙirjinta. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Ni da ko yayata ban taɓa kiran sunanta ba? Ban ankara ba sai ga ni a durƙushe ina gaishe ta. Tsohuwa ta zabura ta miƙe, ta sunkuya mini, don ashe a wurinsu malami ba ya yin ƙasa a gaban ɗalibi. Na ƙara yin ƙasa, ita ma ta ƙara. Sai da muka kusa gwara goshi, aji kuwa ya kece da dariya.

Neman abin da zan kira ta ne ya jefa ni koyon Koriyanci. A jirgin ƙasa nake bita, daga Bronx har Queens, ina fama da harufan nan nasu masu kama da ashanar da ta zube a ƙasa. Kalmar da na fara riƙewa ita ce halmoni, wato kaka. Da na faɗa mata, sai ta rufe baki da hannu tana dariya, ta gyara mini. Tun daga nan nake shigowa kullum da sabuwar gaisuwa, in kwafsa, su yi mini dariya son ransu. Da suka ga malama ma tana tuntuɓe ba ta mutu ba, sai bakinsu ya buɗe da Turanci. Kakar ce kawai ba ta taɓa haɗa jimla ba.

Labari ya kai kunnen shugabar, ta ja mini kunne, ta ce za ta zo ta zauna a ajina.

“Ke dai kin cika taurin kai,” in ji yayata. “Job ne fa. Ki kira sunan kawai, ki yi keeping aikinki. Nan ba Kano ba ce.”

“Yaya, ni kuwa ’yar Kano ce,” na ce mata.

Tsoro kam na ji, ba zan ɓoye ba. Amma haushi ya fi yawa. Sun raina harshena na yi shiru, yanzu kuma tarbiyyata za su ce in tuɓe in rataye a bakin ƙofa?

Ranar da shugabar ta zo, na shiga, na durƙusa, na gaida halmoni da Koriyancina mai ɗingishi. Shugabar ta yi murmushi daga bayan aji, ta ce in daure in kira tsohuwar da sunanta, a nan kowa daidai yake da kowa. Na ce mata ba zan iya ba. Sai na ga kamar ina neman uzuri, na gyara: “Ba zan yi ba.”

Kakar ta dafa tebur ta miƙe, ta juya wajen shugabar, ta nuna ni da tafin hannu. Da Turanci, kalma bayan kalma, ta ce: “Wannan tana da uwa.” Jimlarta ta farko ke nan, kuma babu kuskure ko ɗaya a cikinta.

Ba a ɗauke ni aikin ba. Wasiƙar da suka aiko ta ce salona bai dace da nasu ba, kuma gaskiya suka faɗa. Na koma reno, na yi kukana a banɗakin yayata, na wanke fuska.

Yanzu duk Lahadi da rana ina bayan shagon wankin ’yar halmoni, tsakanin riguna masu ɗumin guga. Ina koya wa tsofaffina Turanci, halmoni tana koya mini Koriyanci, tana faɗa idan ban ci abincin da ta kawo ba. Na iya rubuta sunanta da harufansu, na ma iya karanta shi. Har yau bai fito daga bakina ba.